Wuƙar Da Ke Cikin Adaka: Tarihin Ƙira Tsakanin Boɗinga Da Shagari

Wani abokina da ya daɗe a Amurka ya taɓa ba ni wani labari da ya sa ni dariya har da riƙe ciki. Ya ce a can akwai mutane, manya da gemunsu, waɗanda ba su da wani abin sha'awa da ya wuce tara wuƙaƙen aljihu irin na dā, masu naɗewa. Sukan shirya gasa a tsakaninsu: kowa ya ɗora wuƙarsa bisa kututture ko dutse ya ɗauki hotonta, wanda hotonsa ya fi burge jama'a sai a ba shi kyautar wata wuƙar. Ya ce akwai wani kamfani mai suna Case, wanda tushensa ya faro tun 1889, da yake buga alama a gindin kowace wuƙa, har ya zama mai tara su na iya duba alamar ya faɗa maka zamanin da aka ƙera ta. Na ce masa lallai wanda ya ƙoshi shi ke wasa da tuwo.

Dariyar ba ta kai ni gida ba. A hanya na tuna da wuƙar kakana da ke kwance cikin adakar mahaifiyarmu, an naɗe ta da tsumma tare da carbinsa. Wuƙar damtse ce, mai baki biyu, tsawonta bai kai kamu ɗaya ba, kubenta na jar fata da zobe na fata wanda ake zura hannu a ciki. Na tambayi kaina wa ya ƙera ta, a wane gari, da wane ƙarfe, kuma ba ni da amsar ko ɗaya. Ba'amurken da nake yi wa dariya ya san shekarar tasa, ni kuwa ban san ko ƙarnin tawa ba. Abin da ya sa na kama hanyar Boɗinga ke nan, inda kakan nawa ya yi ƙuruciya, kuma abin da mai karatu zai gani a nan shi ne ɗan abin da na tsinto a littattafai da bakin maƙera.

Duk wanda ya bar Sakkwato ya nufi Tambuwal da Jega, sai ya ratsa Boɗinga, ya wuce Sifawa, ya bi ta Shagari. Matafiyin yau kan wuce garuruwan nan a guje, ba ya tsayawa sai in zai sayi albasa ko tsire. Amma wannan ɗan tsakanin ya taɓa zama cibiyar daula. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bar Gwandu ya zauna Sifawa, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya sauka Boɗinga kusa da shi. A zaman nan ne, cikin 1812, aka raba kula da ƙasa biyu, yamma a hannun Abdullahi, gabas a hannun Muhammadu Bello. Shehu bai koma Sakkwato ba sai 1815, ya rasu a can a 1817. Masu rubuta tarihin waɗannan shekaru sun ba mu sunayen malamai da ɗalibai da littattafan da aka wallafa, kuma Allah ya saka musu. Abin da suka tsallake shi ne cewa garin da ya tara dubban mutane, da dawaki, da gonakin da za su ciyar da su, ba ya kwana ɗaya ba tare da maƙeri ba. Linzami nasa ne, haka likkafa da kan kibiya da ruwan mashi, haka garma da fartanya da lauje. Ko alƙalamin da malami ya rubuta littafi da shi, da wuƙa aka fere shi.

A yaƙin Tabkin Kwatto na 1804 jama'ar Shehu ba su da dawaki sai 'yan kaɗan, maharba ne suka karya rundunar Gobir. Kowace kibiya da aka harba ran nan wani ne ya zauna gaban wuta ya buga kanta. Muhammadu Bello kam ya san darajar wannan. A cikin littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Umarun Dallaje na Katsina, ya lissafa maƙera cikin masu sana'ar da ya wajaba shugaba ya kula da su, ya kuma tabbatar kowane gari yana da nasa. Unguwar Maƙera Asada da ke cikin birnin Sakkwato har yanzu tana amsa sunan sana'ar.

To daga ina ƙarfen yake fitowa? Daga ƙasar nan tamu. Kafin zuwan ƙarfen Turawa, ƙira matakai biyu ce, kuma na farkon ya fi wuya nesa ba kusa ba. Sai an haƙo tama, an farfasa ta, an sari itace an ƙona gawayi, kuma gawayin ƙirya ne maƙera suka fi so saboda zafinsa da daɗewarsa. Sa'an nan a gina tanderun laka, a jera tama da gawayi hawa-hawa, a kunna wuta a yi ta jira. Abin da ke fitowa wani dunƙule ne mai haɗe da datti, wanda sai an sake gasa shi an yi ta dukansa kafin ya zama ƙarfen aiki. Dattin da ya rage shi ake kira kashin maƙera, kuma manomi kan ci karo da shi a gona, baƙi mai ramuka, ya jefar gefe bai san ya taɓa shaidar tarihi ba. Sana'ar tsohuwa ce ƙwarai a ƙasar nan. A Taruga, kusa da Abuja, masu tonon tarihi sun sami tanderun narkar da tama da suka girmi haihuwar Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru. A Kano kuma tama ce ta fara tara mutane a gindin Dala.

Shaidar da ta fi faranta mini rai ta fito daga bakin baƙo. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya zo ƙasar Sakkwato a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wanda ya tarar a zaune Wurno. Ya shiga kasuwar Sakkwato ya duba kayanta, ya rubuta cewa ƙarfen Sakkwato mai kyau ne ƙwarai kuma ana nemansa, ya ce ya fi na Kano. (Kanawa su yi haƙuri, ba ni na faɗa ba.) Cikin watan Mayu na shekarar ya kama hanyar Gwandu don ganin Sarki Halilu, kuma hanyar da ya bi ita ce tamu, ta Boɗinga da Sifawa da Shagari. Shi dai wannan Barth shi ne ya ba mu labarin ɗaya ɓangaren. Ya ƙiyasta cewa ruwan takubba kusan 50,000 ke shigowa Kano kowace shekara ta hamada, akasarinsu daga garin Solingen na Jamus, tare da allurai daga Nuremberg da asake daga Styria. A Kano ake sa musu ƙota da kube, a bazu da su ƙasashe. Kafin shi, Clapperton, wanda ya gana da Bello a 1824 ya kuma dawo ya mutu a Sakkwato a 1827, shi ma ya ga takubban da ruwansu ya fito daga ƙetaren teku.

Wannan ya kamata ya sa mu yi hattara da irin maganar da mukan yi cewa kayan dā duk namu ne tsantsa. Takobin basarake sau da yawa ruwansa na Bature ne, ƙotarsa ta maƙerin fari, kubensa na baduku. Wuƙa ce ta talaka, kuma ita ce aka fi ƙerawa tun daga tama har baki a gida. Don haka wanda ke son sanin gwanintar maƙerin ƙauye, wuƙa zai duba.

Kuma wuƙar iri-iri ce. Akwai ta damtse, irin ta kakana, wadda muka yi tarayya da Buzaye a kanta. Ana saƙala ta a hannun hagu, ƙota na kallon ƙasa, hannun riga ya rufe, dama kuma na iya zaro ta cikin ƙiftawar ido. Bafatake da makiyayi da mai tafiya kasuwar nesa ba su rabuwa da ita, kuma mafi yawan aikinta yanke igiya ne da fere sanda da yanka dabbar da ke shirin mushe. Akwai ta mahauta, akwai askar wanzami wadda da ita ake aski da kaciya da tsagar gado, akwai ta dukawa mai yanka fata, akwai 'yar ƙaramar da ake yanke kan gero. Kube kuma duniya ce tasa. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda ta ratsa hamada har Turawa suka riƙa kiranta da sunan Maroko, majema ke jeme ta da bagaruwa, a rina ta da karan dafi, baduku ya ɗinka ya yi mata ado. Wuƙa guda ɗaya takan bi ta hannun mai haƙar tama, da mai gawayi, da maƙeri, da masassaƙi, da majemi, da baduku kafin ta hau damtsen mai ita.

Har cikin labarun kafuwar sarautunmu tana nan. An ce Bayajida sai da ya biya Gaya maƙera suka yi masa wuƙa kafin ya isa Daura ya sare macijiyar Kusugu. An ce Korau da wuƙa ya gama da Sanau a wajen kokawa ya hau gadon Katsina, kuma takobin nan Gajere na cikin kayan sarautar Katsina har yau. Ko a maganarmu ta yau da kullum, wanda aka sakar wa iko sai mu ce wuƙa da nama suna hannunsa.

Amma ranar da ƙirar ƙasar nan ta fi shiga tarihi ita ce ranar Satiru, kuma abin ya faru ne a maƙwabtan Boɗinga. Turawa sun ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira ya faɗi a Burmi cikin Yulin shekarar. Shekara uku bayan haka, mutanen wani ƙauye da ke kudu da birni, tsakanin Dange da Dancadi, suka ɗaga tutar Mahadi ƙarƙashin Malam Isa da wani malami makaho da ake kira Ɗan Makaho, wanda ya gudo daga ƙasar da Faransa ke mulki. Talakawa ne da bayin da suka tsere. Ran 14 ga Fabrairu 1906 Razdan Hillary ya tunkare su da sojan doki, yana zaton magana za ta kashe wutar. Suka auka wa rundunar da gatura da fartanyu da wuƙaƙe da 'yan masu da kibau. Turawa uku suka mutu, da sojoji baƙar fata fiye da ashirin, aka kuma bar musu bindiga mai ruwa a fili. Tun da Lugard ya kafa mulkinsa ba a taɓa yi masa irin wannan ba, kuma da kayan gona aka yi. Ramuwar ta zo ran 10 ga Maris. Aka buɗe musu wuta, aka kashe mutane wajen 2,000, aka rushe garin, Sarkin Musulmi Attahiru na biyu ya la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin. Ina ganin duk mai rubuta tarihin Satiru ya kamata ya tsaya ya tambayi kansa su wa suka ƙera abin da mutanen nan suka riƙe. Ba daga Solingen gatarin ya zo ba. Wani maƙerin ƙauye ne ya yi shi don saran itace, mai yiwuwa an biya shi da damin gero.

Abin da bindiga ba ta yi wa ƙira ba, kasuwa ta yi mata. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kantunan Turawa suka cika da sandunan ƙarfe da adduna da wuƙaƙe masu araha. Daga baya motoci suka yawaita, suka kuma fara mutuwa, maƙeri ya gane cewa ganyen sifirin na tsohuwar lori ya fi duk abin da zai narkar kyau, ga shi ba sai ya kwana a daji ba. Ban ga laifinsa ba. Wa zai yi mako yana haƙa da ƙona itace don abin da zai saya a tashar mota? Sai dai ilmin ya bi tanderun. A ƙasar Adar, arewa da mu, lokacin da Bafaranshiyar nan Nicole Echard ta so ɗaukar aikin narkar da tama a fim cikin shekarun 1960, tsofaffi ne suka sake tayar da shi don a gani. Ta sa wa fim ɗin suna mai ma'anar auren wuta. Ita ma wuƙar aljihu mai naɗewa, wadda abokina ya ba ni labarin masu tara ta, ta wannan ƙofa ta shigo Afirka. Okapi an fara yin ta a Solingen a 1902 don kasuwar ƙasashen da Jamus ta mallaka, sai a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Faransawa kuma suka fito da tasu, Douk-Douk, a 1929, ta bazu a ƙasashen da suke mulki.

Akwai wani abin da nakan tuna in na tsaya a Shagari. Ɗan garin nan, Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a 1925 ya kuma mulki Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, shi ne shugaban da ya fi kowa ɗora buri a kan ƙarfe. Shi ya aza harsashin Ajakuta a 1980, shi ya buɗe masana'antar Aladja a 1982, a zamaninsa aka yi na murza ƙarfe a Katsina da Jos da Oshogbo. Ya rasu a watan Disamba 2018 babbar tukunyar Ajakuta ba ta narkar da tama ba. Kakanninsa da nawa sun zauna a ƙasar da ke fitar da ƙarfenta da laka da gawayi, har baƙo ya yaba. Mu jikoki muna jiran lori ta mutu.

Game da adanawa kuwa, waɗanda suka fara ɗaukar makamanmu hoto da auna su baƙi ne. A 1964 Hukumar Kayan Tarihi ta buga littafin A. D. H. Bivar mai suna Nigerian Panoply, inda ya bi fadoji ya duba takubba da sulke da kwalkwali. A 1994 Philip Jaggar ya fitar da nasa a kan maƙeran birnin Kano. Gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Makama a Kano suna da abin da suka tara, kuma wuƙaƙen damtse da dama da jami'an mulkin mallaka suka kwasa suna cikin akwatunan gilashi a Ingila. To amma Bivar fada ya shiga, kayan sarakuna ya gani. Wuƙar bafataken Boɗinga ba ta cikin littafin kowa. Tana cikin adaka, kuma abubuwa biyu ke farautarta. Na farko 'yan gwangwan, masu yawo da kura suna sayen ƙarfe a kan sikeli, waɗanda a wurinsu wuƙar shekara ɗari da murfin tukunya duk nauyi ne. Na biyu tsoro. Tun da 'yan daba da ɓarayin daji suka ɓata sunan makami, dattijo ba ya son a ga wuƙa a ɗakinsa, balle a damtsensa, kuma na ji gidajen da aka jefa na gado cikin masai don gudun magana. Ba na cewa tsoron banza ne, wanda ya ga abin da ake gani a gabashin jihar nan ba zai ce haka ba. Amma hoto ba ya yanka kowa. Yau kusan kowane saurayi na da wayar da ke ɗaukar hoto a aljihunsa. Da ƙungiyar marubuta ko wata makaranta za ta ce kowane yaro ya ɗauko hoton tsohon ƙarfen gidansu, ya rubuta sunan garin da abin da tsofaffi suka faɗa a kansa, a ba wanda ya fi kyautar sabuwar ƙira daga maƙerin garin, da cikin shekara guda mun tara abin da Bivar bai gani ba. Gasar da na yi wa dariya ke nan, na dawo ina roƙon a yi ta.

A Boɗinga an nuna mini wata rumfar ƙira a bayan kasuwa. Na tarar da tsoho zaune gaban uwar maƙera, jikansa na jan zugazugi, ga awartaki da masaba a gefe, ga tulin ruwan fartanya da ake shiryawa don damina. Na gaishe shi, na kwance tsumman na miƙa masa da hannu biyu. Ya zare ta daga kube a hankali, ya juya ta a rana, ya shafa bakin da babban yatsa, sa'an nan ya ƙwanƙwasa ta a jikin masaba ya kai kunne.

Ya ce, "Ɗana, ina ka samo wagga?"

Na ce, "Ta kakana ce, Baba. A nan garin ya tashi."

Ya nuna mini wasu siraran layuka da ke bin tsawon ruwan, kamar jijiyar itace, waɗanda ni a dā na ɗauka tsatsa ce. Ya ce wannan alamar ƙarfen da aka ninka aka yi ta duka ce, sifirin ba ya yin haka. "Ƙarhen tama na. Ko ni ban taɓa narka shi ba, wurin tsohona ni ga irinai." Na tambaye shi ko zai iya gane wanda ya ƙera. Ya daɗe yana kallon wasu 'yan ɗigo uku da aka buga kusa da ƙota, ya ce ya san gidan da ke yin wannan alama, amma waɗanda suka rage a gidan yanzu walda suke yi a Sakkwato.

Na roƙe shi ya riƙe ta in ɗauki hoto. Ya gyara hularsa, ya ce wa yaron ya tsaya da zuga kada hayaƙi ya shiga. Da na nuna masa hoton a waya sai ya kira jikan ya ce ya zo ya gani, ya sa yatsa a kan ɗigon nan uku, ya faɗa masa sunan gidan sau biyu. Da zan tafi na sayi wata 'yar wuƙar yankan albasa a wurinsa, ta sifirin, ƙotarta an ɗaure da robar taya. Ya ƙi karɓar kuɗin wasa ta kakana, ya ce wannan ba a wasa ta, a shafa mata man shanu a mayar cikin kube.